Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'armu Kan Tsibin Takin Da Aka Kwashe

Zuwa ga Shugaban Jami'a,
da Daraktan Ayyuka, da Shugaban Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da juriya a kan nauyin da ka ɗauka. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a Tsangayar Aikin Gona, sashen nazarin ƙasar noma. Ina magana ne da yawun ɗaliban da muka shafe zango uku muna haɗa taki da ragowar abinci a bayan kicin ɗin kafteriya, da yawun iyayenmu mata masu sayar da abinci a rumfunan bakin hostal, da kuma masu shara da masu lambu da suka ce su ba ma'abota rubutu ba ne, amma in sa bakinsu a ciki. Na karanta musu wasiƙar nan kafin in fitar da ita, kuma sun gyara mini wurare da dama.

Sau biyu muna rubuto takarda ta hannun sashenmu, ba mu ji amsa ba. Shi ya sa a wannan karon muka fito fili, ba don raini ba.

Ga abin da ya faru. Makonni uku da suka wuce aka manna sanarwa cewa an haramta tara kowace irin shara a harabar jami'a in ba a wuraren da aka keɓe ba, kuma a kawar da abin da ke bayan kicin cikin mako guda. Mun je ofis don mu yi bayani, aka ce mai sa hannun ba ya nan. A rana ta takwas katafila ta zo da tifa. Tsibi uku muke da su a wurin. Ɗaya ɗanye ne, ɗaya yana tsakiyar zafinsa, na ukun kuwa saura kamar mako biyu mu tankaɗe shi mu kai gona. Aka kwashe su duka aka juye a babban jujin da ke bayan hostal ɗin mata, cikin leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Ina tsaye aka yi. Direban katafilar ya ce mini, “'Yata, ki yi haƙuri, umarni aka ba ni.” Ban ga laifinsa ba.

An ce dalilin shi ne wari. Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, ƙorafin yana da asali. A zangonmu na farko mun yi kuskure. Rami muka haƙa, muka riƙa zuba duk abin da ya fito daga kicin, har da ragowar miya mai manja da ƙasusuwa da ruwan wanke-wanke, kuma a cikin watan Agusta. Ramin ya cika da ruwa, abin ya yi tsami, ɗoyi ya kai har tagar masu girki. Baba mai kula da lambun sashenmu, wanda ya fara aiki a wurin tun ba a haifi yawancinmu ba, ya zo ya leƙa ya ce, “Kun shayar da shi, kun hana shi numfashi.” Shi ya sa muka fito da shi daga rami, muka shimfiɗa karan dawa a ƙasa, muka riƙa jera ɗanye da busasshe hawa-hawa. Tun daga ranar babu mai girkin da ta sake toshe hanci. Ƙorafin da aka yi hukunci a kansa ya haura shekara, kuma da an aiko mutum ɗaya ya tsaya minti biyar a wurin, da ya dawo maka da wani labarin daban.

Ina so in kwatanta maka abin da aka kwashe, domin na lura a takarda ana kiransa shara. Wata safiya cikin hunturu, sanyi na ratsa ƙashi, Baba ya soka rodi a tsakiyar tsibi ya bar shi na ɗan lokaci, sannan ya zaro ya ce in riƙe. Ban iya riƙe shi na daƙiƙa biyar ba. Da muka buɗe da manjagara sai tururi ya taso kamar an buɗe madambaci. Ma'aunin zafin da muka aro daga ɗakin gwaji ya haura digiri 60. Babu wuta a wurin, aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna cin ɓawon doya da ganyen darbejiya suna fitar da zafi. Bayan wata uku abin ya koma baƙi sidik, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa irin na ƙasa ranar ruwan farko. Ba za ka iya nuna inda tuwo yake ko inda ɓawon ayaba yake ba. Da shi muka shuka alayyafo da tumatir a fangali biyu, masu abincin nan suka saya suka sake dafa wa ɗalibai.

Kukanmu na farko lafiya ne. Ragowar abincin da muke karɓa bai daina fitowa ba don an kwashe tsibinmu. Kowace safiya ana tura baro uku ko huɗu daga kafteriya kaɗai, ban da na rumfuna, kuma yanzu duk juji suke tafiya. A can abincin yana ƙulle cikin leda, iska ba ta shiga, sai ya ruɓe irin ruɓewar da raminmu na farko ya yi, amma a wannan karon ba mai gyarawa. Ƙudajen da ke kwana a kansa su ne ke wayar gari a kan farantan ɗalibai, a ƙasar da kusan kowace damina sai an yi fama da amai da gudawa. Ɓeraye kuwa sun mayar da wurin gida. Mun sani cewa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma ya fi tsananta da rani. Ɗalibai suna ajiye garin kwaki da shinkafa da taliya a ƙarƙashin gado, taku kaɗan daga wannan juji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan jujin ya yi tudu, tifa ba ta zo ba, sai a cinna masa wuta da yamma. Jiƙaƙƙen abinci ba ya ci da wuta, sai dai ya yi ta turnuƙu har asuba tare da leda da roba. Abokiyar ɗakina mai ciwon asma ce. A zangon da ya wuce sau biyu muna riƙe ta zuwa asibitin makaranta cikin dare, muna jin numfashinta yana fito. Tana kwana da jiƙaƙƙen tawul a jikin taga. Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a ƙasar nan, tana da ƙa'idojin hana ƙone-ƙone a fili tun 2011, kuma a wannan jami'ar aka koyar da mu su, muka rubuta jarrabawa a kansu. Da damina kuma ruwa ne ke wanke jujin, baƙin ruwan ya bi kwata ya kwanta a hanyar masallaci.

Na biyu kuɗi ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jami'a tana biyan kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya. Tana biyan tifa da man dizal don a fitar da ragowar abinci daga harabarta, kuma kowa ya san yadda kuɗin sufuri ya koma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Sannan tana biyan kuɗin takin zamani don gonar koyarwa da filayen furanni. A tsakanin waɗannan biyun, masu shara suna tara ganyen darbejiya da na mangwaro da ke zuba da rani suna ƙonawa, alhali shi ne rabin kayan haɗin taki, kyauta. Lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙulla shirin takin zamani da Maroko a ƙarshen 2016, buhun takin NPK naira 5,500 aka tsayar. Yau manomi ya san ya ninka wannan sau da yawa, duk da cewa muna da manyan masana'antun takin yuriya a Legas da Fatakwal. A shekarar aikin gonarmu ta aji huɗu, buhu ɗaya aka raba mana mu da yawa, kowa ya auna nasa da murfin kwalba.

Ba zan yi maka alkawarin da ilimin da kuka ba ni bai yarda da shi ba. Takin gargajiya ba ya maye gurbin na zamani buhu da buhu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, domin kashi 46 cikin ɗari ne. Takin da ake haɗawa da ragowar abinci yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, don haka sai an tara fiye da tan ɗaya, wani lokaci fiye da biyu, kafin a kamo buhu guda, kuma a hankali yake sakin abin da ke cikinsa. Amfaninsa a wani wurin yake. Ƙasarmu ta Arewa jigawa ce a wurare da yawa, abin da ya ruɓe ya zauna a cikinta sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Irin wannan ƙasa kamar rariya take: ka zuba ruwa ya wuce, ka zuba takin zamani ruwan sama ya tafi da rabonsa. Takin gargajiya shi ke ba ta jiki, ta riƙe laima, ta riƙe abin da aka sa mata, tsutsotsin ƙasa da sauran halittu su dawo. Duk wanda ya taɓa noma ya san bambancin gonar bayan gida da gonar daji. Shugabannin Afirka da kansu sun dawo kan wannan magana. A taron Abuja na 2006 burin shi ne a ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Da suka sake zama a Nairobi a watan Mayun 2024, sai suka haɗa da lafiyar ƙasar noma a sunan taron, suka sa takin gargajiya a cikin abin da za a bunƙasa. Mu da muke jami'a bai kamata a ce sai daga baya za mu ji ba.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, wato karatu. A aji uku an koya mana yadda ake daidaita sinadaran kabon da naitirojin a tsibin taki, kusan kashi 30 ga kashi 1. Mun haddace, mun rubuta, mun ci. Amma ban san ma'anarsa ba sai ranar da tsibinmu ya ƙi yin zafi, Baba ya damƙi abin ya ce ganye ya yi yawa, a ƙaro ɗanye da kashin kaji. Kwana biyu sai ga tururi. Ɗalibai uku a ajinmu sun gina binciken kammala digirinsu a kan waɗannan tsibi, suna auna zafi kullum safe da yamma suna rubutawa. Yanzu littafinsu ya tsaya a tsakiya, kuma lokacin miƙa kundi bai tsaya ba. Ɗaya daga cikinsu ta zauna a gefen wurin tana kuka ranar da aka kwashe.

Kuma abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakana manomi ne a ƙauyen da ke gefen birnin Kano. Da rani yakan ɗora wa jakinsa itace ya shiga birni, ya dawo da mangala cike da takin gidajen birni: kashin awaki, toka, sharar tsakar gida. Ya zuba shi tsibi-tsibi a gona yana jiran ruwa. Haka ƙauyukan kewayen Kano suka yi ta noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da hutar da ita ba, har masana irin su Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, suka shafe shekaru suna nazarin yadda hakan ya yiwu. Abin da ya ɓata wannan tsari shi ne leda. Yau manomi ya sayi sharar gari, sai ya kwana yana tsince leda, abin da ya rage kuma akuyarsa ta haɗiya. A ƙasar Nijar, manoman Illela ta jihar Tawa sun farfaɗo da faƙon da aka yanke ƙauna da shi ta hanyar tassa, dabarar da suka gano a yankin Yatenga na Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980: a haƙa ƙananan ramuka, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga da ya shahara da wannan aiki, an ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Dukkan dabarar a kan taki ta dogara. Ɗalibin da muka yaye bai taɓa haɗa tsibi ɗaya da hannunsa ba, me zai je ya gaya wa irin waɗannan manoma idan aka tura shi malamin gona?

Na huɗu, ba a tambayi waɗanda abin ya shafa ba. Masu sayar da abinci sun saba da duro biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da roba. Wata huɗu muka yi muna bi rumfa-rumfa kafin hannunsu ya faɗa. Yanzu an ce su haɗe, kuma an yi musu barazanar tara idan aka ga duro a bayan rumfa. Masu shara sun ce in gaya maka cewa busasshiyar shara ba ta da wahalar ɗauka. Wadda ta cakuɗe da ruɓaɓɓen tuwo ita ce ke yaga buhu, ta zubo musu a ƙafa, kuma yawancinsu ba su da safar hannu.

Kada a ɗauka muna cewa duk abincin da ya ragu a mayar da shi taki. Tarbiyyar gidajenmu ba ta yarda da haka ba, addini ma bai yarda ba. Allah ya ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni ko loma ce ta faɗi a ɗauka a share a ci. Abincin da bai taɓu ba haƙƙin mutum ne, kuma a cikin hostal ɗin nan akwai ɗaliban da ke cin abinci sau ɗaya a yini suna ɓoyewa, ban da almajiran da ke tsayawa a bakin ƙofa. Ƙanzo da ɓawon wake da dusa na dabbobi ne, masu kiwo suna zuwa nema da kansu, gonar jami'a ma tana da tumaki da kaji. Abin da ya wuce mutum ya wuce dabba, shi muke roƙo a bar wa ƙasa: ɓawon doya da dankali, ɓawon lemo da kankana, ruɓaɓɓen tumatir, ganyen shayi, ɓawon ƙwai, shinkafar da ta kwana ta lalace. A gidan kakata haka ake yi ba tare da an sa wa abin suna ba.

Duniya ma ta waiwayo kan batun. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kusan kashi 19 cikin ɗari na abin da ya isa hannun masu saye, kuma fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na wannan daga wuraren dafawa da sayar da abinci ya fito, irin kafteriyarmu. Abincin da ya ruɓe a juji babu iska yana fitar da iskar mitan, wadda a cikin shekara 20 take riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon. Koriya ta Kudu ta hana binne ragowar abinci tun 2005. Faransa ta wajabta ware shi daga sauran shara tun ranar 1 ga Janairun 2024. Na kawo su ne don a san ba wasan yara muke yi a bayan kicin ba. Mu dai abin da ke gabanmu bai kai nasu tsada ba, domin rana da zafin da suke nema da injin, mu kyauta muke samu.

Tsoron ɓera da wari da aka yi, tsoro ne mai kyau, kuma maganinsa sananne ne. Ba a sa nama, ba a sa ƙashi, ba a sa mai. Duk bokiti ɗaya na ɗanye a bi shi da biyu ko uku na busasshe, ganye ne ko ɓuntun shinkafa ko garin katako daga wurin kafintoci, kuma ba a tashi a bar abinci a buɗe, sai an lulluɓe shi da busasshe kaurin taƙi guda. Laimarsa idan ka damƙa ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, kada ya tsiyaya. Toka kaɗan ake sawa, domin idan ta yi yawa tana korar naitirojin. A juya shi duk mako. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ga dogayen tsibi ita ce su yi kwana 15 a digiri 55 ko sama, a juya su sau biyar a cikin kwanakin, kuma wannan zafin ke kashe ƙwayoyin cuta da yawancin irin ciyawa. Ɓera ba ya sheƙa a wurin da hannu ba ya iya zama, ana kuma tona shi kowane mako. A juji yake sheƙa, inda ba mai taɓa shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙonmu.

A janye sanarwar nan a kan abin da ya shafi taki, a rubuta a fili cewa tsibin da ake kula da shi ba juji ba ne. A ba mu fili a gefen gonar koyarwa, nesa da ɗakunan kwana da rijiyar burtsatse, wanda bai wuce filin ƙwallon raga ba. A yi masa daɓe, a gina ɗakuna huɗu na bulo masu ramukan shan iska, a ɗora rumfar kwano saboda ruwan Agusta da ranar Afrilu, a ja famfo. Kayan aikin ba su wuce baro, shebur, manjagara, sikeli, ragar tankaɗe da dogon ma'aunin zafi ba. Ɗaliban injiniya sun ce za su zana, kuma za su haɗa keken ɗauko duro idan aka ba su ƙarfe.

A mayar da duro biyu a kowane kicin da kowace rumfa, a sa shi cikin sharuɗɗan hayar rumfa domin kada ya dogara da kirkin mai rumfa. A hana ƙona ganye, a riƙa tara shi a buhuna tun daga hunturu, saboda da damina busasshe ke wuya.

Muhimmin roƙonmu shi ne kada aikin ya zauna a wuyan ɗalibai kaɗai. Mu masu wucewa ne. Ni kaina saura mini watanni. Ana hutu, ana yajin aiki, tsibi kuwa bai san hutu ba. A ɗora shi a ƙarƙashin malami ɗaya da za a tambaya idan abu ya lalace, a ware ma'aikata biyu daga cikin masu lambu a ƙara musu alawus, Baba ya jagorance su, domin shi ya koya mana. A sa aikin cikin shekarar aikin gona ta 'yan aji huɗu, a ba shi maki, yadda kowane aji zai karɓa daga hannun na gabansa. A raba wa masu shara safar hannu da takalman roba da takunkumi, ko da ba a amince da sauran roƙonmu ba.

Batun kuɗi, muna roƙon ofishin ayyuka ya fitar da abin da ake kashewa a kan tifa a zango ɗaya, ofishin gona ya fitar da na takin zamani. Mu kuma a ba mu sikeli mu auna abin da ke fita daga kicin na mako huɗu, ɗanye daban, leda daban. A ɗora lissafin biyu a kan tebur ɗaya. Idan ya nuna ba riba, mun yarda a faɗa a gaban kowa. Malamanmu sun ce irin wannan aiki yana cikin abin da ake iya neman tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a kansa, kuma a shirye suke su rubuta idan hukuma ta sa hannu. Abin da ya ragu bayan gonar jami'a ta ɗiba, masu lambu da masu sayar da dashe a bakin titi za su saya.

Sai ɗalibai ukun nan masu binciken kammala digiri. Muna roƙon a ƙara musu lokaci, ko a yarda su miƙa abin da suka tattara tare da bayanin dalilin tsayawarsa, kada a kayar da su a kan abin da ba su suka jawo ba. Jujin bayan hostal ɗin mata kuma a daina cinna masa wuta daga yau, kafin a kai ga matsar da shi.

Taki yana ɗaukar wata uku kafin ya nuna. Idan ana son a zuba shi a gona kafin shukar bana, sai an kafa tsibin farko tun ganye yana ƙasa, kafin masu shara su gama ƙone shi. Muna roƙon a ba mu amsa cikin mako biyu, ko a kira mu zama, mu zo da Baba da wakiliyar masu abinci.

Akwai buhu ɗaya da muka tankaɗe tun kafin katafila ta zo, yana ajiye a ɗakin kayan aikin lambu. Idan ka samu sarari wata safiya, ranka ya daɗe, ka biyo ta bayan hostal ɗin mata tukuna, sannan ka ƙaraso lambu. Za mu kwance maka bakin buhun ka sa hannu.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
a madadin ɗalibai masu haɗa taki, da masu sayar da abinci, da masu shara da masu lambun jami'a.